Lambobin Azahar da La'asar

Samarin layinmu a Agege sun sa mini suna Mai Gadin Kifi, kuma ban taɓa hana su ba. Da suka ji na kusa ajiye aiki, uku daga cikinsu suka tare ni ina sauka daga motar danfo, kowa na so in yi masa hanya a gurbina. Sun ji labari wai aikin bai wuce a jefa kifi a tulun gilashi a zauna cikin sanyin esi ana kallonsa ba. Na ce musu sun yi kuskure biyu. Na farko, esin ɗakinmu ya fi shekara goma da mutuwa. Na biyu, kallon nan da suke kwaɗayi shi ne abin da ya kusa raba ni da aikin, da sunana gaba ɗaya.

Bari in fara da abin da ake biya na in yi. Kifi yana numfashi. Akwai iska narkakkiya a cikin ruwa, kamar yadda sukari ke ɓacewa a shayi, ita masana ke kira oksijin, kuma ita kifi ke zuƙa ta ƙarƙashin kumatunsa. Aikina shi ne in auna yawan da ya sha a cikin lokaci ƙayyadadde. Za ka cika tulu da ruwa, ka ɗebi kaɗan ka auna iskar da ke ciki, ka sa kifi, ka toshe tulun yadda iskar waje ba za ta shiga ba. Bayan minti arba'in ka sake ɗiba ka auna. Abin da ya ragu, kifin ne ya sha. A baki ke nan. A hannu kuwa na yi shekara talatin da huɗu ina yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a nan Ikko, kuma har gobe ana kama ni da kuskure.

Mahaifina dillalin shanu ne a kara, yayana Garba ya gaje shi. Ni kaɗai aka sa boko a gidanmu. Da na gama sakandare wani maƙwabcinmu Bayarabe ya samo mini aikin wankin kwalabe a ɗakin gwajin, a ƙarƙashin wani dattijo, Oga Tunde. Da Yarabanci yake mini magana, don a nan aka haife ni, sai in ya fusata ya juya Hausar da ya tsinta a Zariya. Shekara biyu cur ban taɓa kifi ba. Wanki, ɗauraya, shanya. Idan sabulu ya saura a kwalba ko da ƙanshinsa ne, sai ya zuba min ita a baho in sake.

Aikin farko da ya ba ni na gaske shi ne cika kwalbar awo. Ƙaramar kwalba ce mai murfin gilashi. Za ka zura tiyo har ƙasanta, ka bar ruwa ya cika ya yi ta ambaliya, ka zare tiyon a hankali, ka zura murfin a karkace. Sai ka kife ta ka duba. Idan ƙwayar iska ɗaya ta taso, ko da ba ta kai ƙwayar gero ba, aikin ya ɓaci, don iskar da ke cikinta za ta shiga lissafi. Ranar farko na cika goma sha biyu ina ji da kaina. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga.

"Sule, wannan mene ne?"

"Ƙarama ce, oga."

"Ƙarama ne? To, ƙarya ƙarama ne. Zubar."

Ya bar mini biyu a cikin goma sha biyun.

A lokacin babu mitar lantarki irin ta yanzu da za ka tsoma ta ba ka lamba. Da magunguna muke awo. Ka ɗiga iri biyu a kwalbar, ruwan ya yi gari-gari ruwan ƙasa. Ka sa asid, ya washe ya koma kalar shayi. Sai ka juye a kofin gilashi ka ajiye ƙarƙashin wani dogon bututu mai zane-zanen lamba da ɗan famfo a ƙasansa, biret sunansa. Ka riƙa sakin magani na uku ɗigo-ɗigo kana kaɗa kofin. Idan kalar ta yi fari-fari sai ka sa sitaci, ruwan ya rine shuɗi. Ka ci gaba da ɗigawa har ɗigon da shuɗin zai ɓace ɗif. Nan za ka tsaya ka karanta lamba. Ku riƙe wannan, don zai dawo a labarin: idan iska ta saura da yawa a ruwan, shuɗin yakan daɗe bai ɓace ba. Idan kifi ya shanye ta, nan da nan ya ɓace.

Akwai kuma ƙa'idojin da ba a rubuta a bango ba. Kifi sai ya yi azumin yini guda kafin awo, don mai cikakken ciki ya fi shan iska. Zafin ruwa kada ya motsa. Kullum akwai tulu ɗaya da ba kifi a ciki, muna ce masa tulun shaida, don ƙananan halittun da ido ba ya gani su ma suna shan rabonsu, sai an cire. Tarwaɗa kuwa ba ta zaman tulu, don ita takan taso sama ta haɗiyi iska da baki. Shi ya sa yawancin aikinmu da karfasa ne, sai kaguwa da jatan lande jefi-jefi.

A shekarata ta uku na kashe kifi. Na toshe tulu shida, sai na ji hayaniya a bakin titi, kwandasta da fasinja sun kaure. Na ce bari in leƙa. Daga leƙe na tsaya rabon faɗa, daga rabon faɗa na zama shaida. Da na dawo, karfasa huɗu sun juya ciki sama. Oga Tunde bai yi tsawa ba. Ya jera su a faranti ya ce in kai wa malamin da ke da su in faɗa masa da bakina. Da na dawo ya ce mini magana ɗaya: "Ka toshe tulu, ka ɗaure kanka."

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Daga ranar ban sake barin tulu a toshe ba. Ba zama ma nake yi ba, tsayuwa nake, fuskata dab da gilashi, cikin farar rigar aiki, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina duba motsin kumatu. Wanda na ga ya lafe sai in ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce in tabbatar yana da rai. Malamai suka riƙa yabo na. Idan baƙi suka zo, da ni ake misali. Shekara tara ina haka ban sake rasa ko ɗaya ba, kuma ina alfahari da hakan.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Mafi yawa ɗalibai, su arba'in a kan tulu huɗu, waɗanda lamba kowace iri ta ishe su muddin za a sa musu hannu. Akwai masu kiwon kifi. Ba na mantawa da wani Alhaji daga Ketu da ke lodin 'ya'yan karfasa a duro zuwa Arewa, kafin a kai Jebba rabi sun mutu. Ya rantse direba ke masa sihiri. Na tambaye shi me yake yi musu kafin tafiya. Ya ce yana ciyar da su su ƙoshi, tunda hanya da nisa. Na auna masa ƙosasshe da mai azumi a gabansa, ya ga bambanci da idonsa. Na ce ya bar su da yunwa yini guda, ya rage yawansu a duro, ya tashi da sanyin safiya. Bayan wata biyu ya aiko mini da kwandon albasa.

Shekarar da ta yi mini zafi ta zo bayan Oga Tunde ya yi ritaya, ɗakin ya dawo hannuna. Wata ɗalibar babban digiri, Madam Bisola, ta zo da bincike. Tana ɗebo ruwan wata magudana da ke bayan masana'antu ta wajen Ogba, tana so ta gano ko yana canza numfashin karfasa. Wannan ba aikin ɗalibai arba'in ba ne, bambanci ne siriri ake nema. Tana koyarwa a wata makaranta, ga goyo, don haka awon yau da kullum ni ta damƙa wa. Sau biyar a yini: ƙarfe tara, sha ɗaya, biyu, uku, da huɗu. Na ƙarfe biyu da na ƙarfe huɗu sun faɗa kan azahar da la'asar. Tun ranar farko na gaya mata cewa a waɗannan biyun zan toshe tulu, in ruga masallacin masu gadi a bayan get, in dawo kafin minti arba'in su cika. Ta ce babu damuwa. Nan kaɗai nake karya dokar Oga Tunde, kuma ko a sahu raina yana kan tulun.

Muka yi wata bakwai. Sai Farfesan da ke duba aikinta ya zana lambobin yawan iskar da kifi ya sha a takarda, ya aiko a kira ni. Na same shi da Madam Bisola a ofis, littafina a buɗe a gabansa. Ya juyo takardar ya nuna mini da biro. Ƙarfe tara sama, sha ɗaya sama, biyu ƙasa, uku sama, huɗu ƙasa. Kullum, wata bakwai, a ruwan magudana da ruwa mai kyau duka.

Ya ce, "Malam Sule, kifi yana da agogo ne? Ya huta ƙarfe biyu, ya farka uku, ya sake hutawa huɗu?"

Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe.

"Ni na sani. Ƙarfe biyu da huɗu kana wurin sallarka. Ka dawo a makare, ka toshe tulu na minti ashirin, ka rubuta arba'in. Ba na hana kowa ibada. Amma wanda ya rubuta lambar da bai auna ba, ba shi da wuri a ɗakin gwaji."

Ya ce kwamitin ladabtarwa zai zauna nan da mako biyu. Ku fahimci abin da wannan ke nufi. A sana'armu ba abin da kake sayarwa sai yarda da littafinka. Wanda aka kora don ya fasa kwalba zai sami wani wurin. Wanda aka kora don ƙaryar lamba, ko wankin kwalba ba mai ba shi. Kuma ni kaɗai ne Bahaushe a sashen, na san yadda za a riƙa ba da labarin bayana, da sallar a ciki. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka na shiga nema. Na haɗa sababbin magunguna. Na canza murafe. Na auna zafin ruwa kowane minti goma. Na duba ko rana ce ke faɗowa ta taga. Ban sami komai ba. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce: kwana uku na jinkirta sallolin, na tsaya kan tulun ƙarfe biyu da huɗu da agogo a hannu, Madam Bisola na zaune tana shaida. Lambobin suka tashi sama, daidai da sauran. Ramin ya ɓace. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta tattara jakarta ta fita. Da hannuna na ba Farfesa hujjar da yake nema: idan ana kallon Sule, lamba tana gyaruwa.

Ranar Lahadi na je kara wurin Yaya Garba, ba don shawara ba, don dai in bar gida. Na same shi da wani kwastoma da ya zo sayen sa na biki. Mutumin ya tsaya gaban wani farin bijimi, ya kama ƙaho, ya leƙa hanci, ya daki gefen ciki. Bijimin ya shiga huci, haƙarƙari na sama da ƙasa. Mutumin ya ja da baya ya ce wannan ba shi da lafiya, numfashinsa ya yi yawa.

Yaya ya ce, "Oga, abeg, zo nan. Zo ka zauna a benci, ka ba shi baya. Ka sha fiya wata." Bayan ɗan lokaci ya ce, "Yanzu saci kallonsa ta gefen ido." Bijimin na tsaye yana tuƙa, cikinsa da ƙyar yake motsi.

Da mutumin ya biya ya tafi, Yaya ya ce mini, "Kullum sai na yi fama da su. Ka tsaya a kan dabba kana zare mata ido, ka ce ta yi maka numfashin gaskiya? Baba ba ya taɓa taya sa sai ya zauna nesa da shi tukuna." Sai ya dubi fuskata. "Kai kuma fa? Wannan fuska kamar an ci ka tara?"

Na ba shi labari a taƙaice. Ya tambaye ni a ina nake tsayawa in na toshe tulun. Na nuna masa da hannu, tazarar taƙi ɗaya. Ya kwashe da dariya har da dukan cinya.

"Kai Sule, boko ya cuce ka. Kifi na ganinka, mai jar koma!"

Ban bari gari ya gama wayewa ba ranar Litinin. Awon ƙarfe tara na toshe tulun, na kifa musu kwalaye, na fita baranda na ja ƙofa. Minti arba'in ɗin nan sun fi mini mako biyun tsawo. Da na koma na ɗebi ruwa na hau biret, shuɗin ya wuce inda ya saba ɓacewa da safe, ya ci gaba, bai sake ni ba sai a lambar azahar.

Na zauna a kan kujera da kofin a hannu. Murna ta zo, amma ba ta daɗe ba, don lissafin a fili yake. Lambobin azahar da la'asar, waɗanda ake tuhuma ta a kansu, su kaɗai ne na kifi mai natsuwa. Sauran ukun na kowace rana, wata bakwai, numfashin kifi ne da wani ƙato cikin farar riga ya tsaya a kansa yana ƙwanƙwasa masa gilashi. Hujjar da za ta wanke ni daga ƙarya ita ce za ta nuna ni na lalata wa baiwar Allah fiye da rabin aikinta.

Madam Bisola na fara gaya wa, da ta zo da rana. Ta saurara har na gama. Ta ce da Yarabanci, "Malam Sule, kana nufin da ka fi haka lalaci, da na gama?" Na ce haka ne. Ta fita ta daɗe a waje. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta ce gobe za a yi a gaban Farfesa, kuma ita za ta riƙe biret, ba ni ba.

Washegari ƙarfe tara Farfesa ya zo da agogonsa. Muka raba tulu shida gida biyu, karfasa masu nauyi ɗaya. Uku muka kai ƙaramin ɗakin ajiya muka lulluɓe, ya kulle da kansa ya sa makullin a aljihu. Uku kuma ya ce in tsaya a kansu yadda na saba. Na tsaya. Karo na farko na ga abin da nake yi da idon wani: duk inda na matsa, kifin sai ya manne a ɗaya gefen, kumatu na bugawa.

Minti arba'in suka cika. Madam Bisola ta fara da nawa ukun. Shuɗin ya ɓace da wuri, ta faɗi lamba, Farfesa ya rubuta. Sai ta ɗauko na ɗakin ajiya. Ta sa sitaci, ruwan ya rine. Ɗigo, ɗigo. Ya kai lambar farko yana nan shuɗi. Farfesa ya gyara tabarau ya matso. Ta ci gaba. Da ya washe ta karanta lambar, Farfesa ya buɗe tsohon littafina ya sa yatsa a layin ƙarfe biyu na wata ranar Talata da ta wuce da wata huɗu. Kusan ɗaya suke. Na biyu haka, na uku haka.

Ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. Bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Littafinka gaskiya ne. Ka je ka sayo baƙin yadi." Kwamiti bai zauna ba. A ranar na hau mota zuwa Idumota na yanko yadi goma na lulluɓe tulu.

Madam Bisola ce ta biya kuɗin sabulun wankina. Lambobin azahar da la'asar kaɗai aka ɗauka daga wata bakwai, sauran aka sake daga farko, kuma bikin yaye ɗalibai na shekarar ya wuce ta. Makonni ba ta ce mini komai ba in ba na aiki ba. Ban ga laifinta ba. Sai wata safiya mun toshe tulu mun ja baƙin yadi, ta ga ina jan ƙafa a bakin ƙofa ina waiwaye.

Ta ce, "Malam Sule, je ka yi sallah."

Na ce, "Madam, ƙarfe tara ne."

Ta ce, "Nemo wata ka yi."

Yau ita ce shugabar sashen, kuma duk sabon ma'aikaci, Musulmi ko Kirista, da wannan kalma take korar sa daga kan tulu. Oga Tunde kuwa har ya rasu ban ba shi labarin ba. Shi cewa ya yi in ɗaure kaina, bai ce in manna fuskata a gilashi ba, ƙarin nawa ne.

Yanzu muna da mita mai waya da ke rubuta lamba a kwamfuta, biret yana cikin kabad ya yi ƙura. Amma wuta takan ɗauke, waya takan saki, kuma kifi a tulun da aka toshe yana iya mutuwa yau kamar yadda huɗun nan suka mutu a hannuna. Akwai benci a barandar ɗakinmu. A kansa nake zama, bayana ga ƙofa, agogo a hannu, rayuka shida a rufe cikin duhu, ban san halin da suke ciki ba, kuma ba ni da izinin leƙawa. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma har yau a minti na talatin ƙafata takan motsa da kanta sai na danne ta. Wanda ya ga zai iya wannan zaman a cikinku, ya same ni a tashar danfo ranar Litinin, ƙarfe shida.